Kakana ya je yaƙin Boma ba a ba shi bindiga ba: ina neman wanda ya san rundunarsu

Jikar Baba Boma:

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san tarihin soja, musamman na Yaƙin Duniya na Biyu, da duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya je Boma, wato ƙasar Myanmar ta yau. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, sai na faɗi tushen maganar kafin tambayar ta fito.

Kakana na wajen uwa ya tafi gida a 2005. A watan Disamba mai zuwa dangi za su yi sujadar godiya ta cikar shekara 20, a majami'ar ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kagoro, aka kuma ɗora mini rubuta tarihinsa a ɗan littafin da za a raba wa jama'a. Da na kai wa Kawu, babban ɗansa, abin da na rubuta, sai ya ɗauki biro ya soke duk inda aka ambaci yaƙi. Ya ce a rubuta cewa Baba dattijon ikilisiya ne a ECWA, yana cikin waɗanda suka gina majami'ar farko, ya zauna da mace ɗaya har mutuwa ta raba, ya ƙare tserensa cikin bangaskiya. Wannan ya isa. Da na tambayi dalili, ya ce yaƙin Turawa ne, ba namu ba. Can kuma ya sassauta murya ya ce ai Baba ba sojan gaske ba ne, ɗan dako ne, ko bindiga ba a ba shi ba, don me za a tono abin da aka yi ta yi musu gori da shi suna yara.

Ban ja da Kawu ba, ba haka aka rene mu ba. Amma a gidan Baba na girma, ni ce mai kai masa kunu da safe, ni yake kira amaryarsa, kuma abin da na ji daga bakinsa ba zai bar ni in yarda a raba bangaskiyarsa da wannan tafiya ba. A can ya same ta.

Guntu-guntu ya ba ni labarin, yawanci in muna ɓare gyaɗa ko in ruwa ya hana fita. A 1942 aka fara diban gwamna, ana kwasar samari ana kai su haƙar kuza a Jos. Waɗanda aka fara ɗiba daga ƙauyenmu sun dawo da mugun tari, wasu ma ba su dawo ba. Da ya ji dagaci ya sa sunansa a zagaye na gaba, sai ya sulale da dare ya taka zuwa Kafanchan, ya hau jirgin ƙasa, bai tsaya ba sai Zariya, ya ba da kansa a ɗauke shi soja. Ya ce in mutuwa ce, gara ta same shi da abinci a ciki. Aka auna ƙirjinsa, aka duba haƙoransa, aka ga ƙato ne mai kaurin wuya, sai aka sa shi cikin masu ɗaukar kaya. Aka ba shi kaki da bargo da adda.

A lokacin bai san Almasihu ba. 'Yan mishan na SIM sun riga sun zauna a Kagoro, amma gidansu gidan gargajiya ne, mahaifinsa na cikin manyan da ke kula da sha'anin dodo, ba mai takawa wajen Bature mai littafi.

A sansaninsu na Indiya ya haɗu da wani mutumin Numan, ɗan ƙabilar Bachama, wanda aikinsa wanke rauni da ɗaure shi. Baba bai taɓa kiran sunansa a gabanmu ba, Malam kawai yake cewa. Malam yana da ɗan ƙaramin Sabon Alkawari na Hausa a aljihun ƙirji. Da yamma in an tashi daga atisaye yakan share ƙasa ya koya wa Baba abacada da tsinke. Baba ya ce ba don addini ya fara zama kusa da shi ba, so yake ya iya rubuta wa uwarsa wasiƙa da hannunsa, ko da yake ita ma sai an nemi mai karanta mata. To da yake ba wani littafin Hausa a wurin sai wannan, da shi aka koyi haɗa baƙi.

Boma kuwa, in ya fara ba da labarinta muryarsa takan canja. Kurmi ne da ba hanyar mota. Jiragen sama ne ke jefo musu abinci da harsashi, wasu kayan da laima, buhunan shinkafa kuwa haka nan ake sako su, ya ce da idonsa ya ga buhu ya faɗo wa mutum a kafaɗa bai ƙara tashi ba. Su ne masu tattarawa, su ɗora a ka, su hau dutse su gangara, su ƙetare rafukan da ruwansu ke cika yana janyewa saboda teku na kusa. Matsattsaku na shiga har cikin takalmi. Kullum sai an tsare su an ba su ƙwayar maganin zazzaɓi mai sa fata ta yi rawaya. In sun kai kaya gaba ba sa dawowa hannu rabbana, masu rauni suke ɗaukowa a gadon gora.

Wata rana a bakin irin wannan rafin, harsashin igwa ya faɗo kusa da inda Malam yake ɗaure wa wani ƙafa. Su huɗu suka ɗauko shi, Baba da Musulmi biyu 'yan Katsina da wani ɗan Tibi. Kafin su kai inda likita yake, rai ya yi halinsa. Suka haƙa kabari da adda. Da aka zo rufewa sai Katsinawan nan suka ce wa Baba, "Mu ba mu san irin tasu ba. Kai ne ɗalibinsa, yi masa." Baba ya ciro littafin daga aljihun Malam, ya buɗe inda aka naɗe kusurwar takarda, inda suka tsaya a karatu, Matiyu sura 11 aya 28, wurin da Yesu ke kiran masu wahala da masu nauyin kaya su zo gare shi ya ba su hutu. Ya karanta yana tuntuɓe, baƙi ɗaya-ɗaya, sauran na tsaye da hula a hannu. Ya ce bai san yadda ake addu'a ba, sai ya ce, "Yesu, ga mutuminka nan, ka karɓe shi." Daga wannan rana yake lissafta kansa mai bi. In an tambaye shi a ikilisiya yaushe ya tuba, ba ya cewa 1948 da aka yi masa baftisma a rafin garinmu, cewa yake a Boma, a bakin kabari.

Ya dawo a 1946. Da ya ƙi shiga hidimar dodo, mahaifinsa ya hana shi kwana a gidan, ya yi damina guda a bukkar gona kafin uwarsa ta sasanta su. Kuɗin sallamar da aka ba shi bai wuce na keke da sadakin kakarmu ba, ya yi ta zuwa wani ofishi neman ragowar da aka ce za a ba su har ya gaji ya bari. Tubalin majami'ar farko da kansa ya yi ta jidarsa daga bakin rafi. Har ya tsufa ba a yin mutuwa a ƙauyenmu, ta mai bi ko ta Musulmi ko ta mai gargajiya, ba a gan shi a gaban makara ba, kuma shi ne na farko a wurin haƙa. Tsakiyar kansa ba gashi, fatar ta yi kanta, yakan bar mu jikoki mu taɓa. In ruwa ya yi ƙarfi a kan kwano da dare ba ya iya barci, sai ya fito zaure ya zauna har gari ya waye.

Akwai magana ɗaya tasa da ta fi komai zama a raina. Wani yaro a zumuntar matasa ya taɓa ce masa ai shi Baba ya ji daɗi, tunda bai riƙe bindiga ba, ba jinin kowa a hannunsa. Baba ya girgiza kai ya ce, "Harsashin da ya kashe ɗan wani, wani ne ya harba, amma ni na kai shi wurin a kaina. Kada ka wanke ni, bari Ubangiji ya wanke ni." A addu'ar asuba, bayan ya ambaci 'ya'ya da jikoki da sarki da gwamna, yakan roƙi ta'aziyya domin iyayen 'yan Jafan da ba su ga gawar 'ya'yansu ba. Muna yara muna mamakin wannan addu'a. Ya yi ta har bakinsa ya daina fita sosai.

To ga abin da ke cikin akwatinsa na ƙarfe. Akwai takardar sallama ta 1946 da gara ta ci gefenta, lambarsa ta fara da NA. Akwai tauraro na tagulla mai tsini shida da aka rubuta sunan Boma a jiki, ƙyallensa ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Akwai wani ɗan ƙyalle na ɗinkawa a kafaɗa, launinsa ya koɗe, amma ana ganin mashi biyu sun gitta a kan wani abu zagayayye. Sai addar, sai Sabon Alkawarin. A bangon littafin daga ciki an rubuta wata lamba da fensir, ita ma ta fara da NA, amma ba irin ta Baba ba ce.

Wannan ƙyallen na wace runduna ne, kuma ina da ina suka bi? Masu ɗaukar kayan nan sojoji ne a hukumance ko kuwa gaskiyar Kawu ce? Lambar da ke cikin littafin, in ta Malam ce, za a iya gano sunansa da ita? Ina so in koma wurin Kawu da hujja a hannu, cikin ladabi.

Tsohon Saje, Zariya:

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka da ba ki bar akwatin nan ya ruɓe a ƙarƙashin gado ba. Na ci kaki har na yi ritaya, kuma a farkon aikina na tarar da sauran 'yan Boma suna gadi a bariki, na sha zama da su.

Abin nan zagayayye da kike gani gammo ne. Mashi biyu a kan gammo alamar Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ce. Ki tsaya ki duba wannan da kyau: runduna guda, mai bataliyoyi da manyan bindigogi da hafsoshi, da aka zo zaɓar abin da kowa zai ɗinka a kafaɗa tun daga janar har farabiti, sai aka haɗa makami da gammon ɗan dako. Wannan kaɗai ya isa ki nuna wa kawunki.

Rundunoni biyu aka kai daga Afirka ta Yamma. Ta 81 ce ta fara isa Indiya a 1943, alamarta gizo-gizo, ita ta yi yaƙin kwarin Kaladan. Ta 82 ta bi baya a 1944, ta yi horo a wajen Ranchi, sannan ta shiga yankin Arakan, wanda yau ake kira jihar Rakhine a ƙasar Myanmar. Birged uku gare ta, biyu na Najeriya, ɗaya na Gwalkwas, wato Gana ta yau. A Disamba 1944 suka gangara kwarin Kalapanzin suka kama Buthidaung. A Janairu 1945 suka haɗu da 'yan'uwansu na 81 suka karɓe Myohaung, tsohon birnin da yanzu ake ce wa Mrauk-U. Daga nan suka nausa kudu ta Dalet da Tamandu da wajen An, har Taungup. Janar Stockwell ne ya riƙe su a wannan zangon na ƙarshe. Rafukan da kakanki ya ce suna cika suna janyewa, na wannan gaɓar teku ne. Sai 1946 aka gama dawo da su gida, daidai da takardar da ke hannunki.

In kina Kaduna kina wuce waɗannan sunaye kullum. Barikin Dalet da na Kalapanzin suna nan Kaduna. Letmauk yana Ibadan. An da Tamandu da Arakan da Myohaung suna Legas, haka ma Dodan inda shugabannin soja suka zauna. Duk wuraren da mazan jiya suka bar jininsu ne.

Maganar ko soja ne: soja ne cikakke. Yana da lamba, yana kan albashi, dokar soja na kansa, an sallame shi da takarda. Tauraron da kike riƙe da shi na waɗanda suka yi aiki a fagen Boma ne tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945, ba a ba wanda ya tsaya a Legas. Dalilin da ya sa ma Ingila ta kai 'yan Afirka ta Yamma wannan kurmi shi ne suna iya shiga inda mota ba ta shiga, jirgi ya jefo, mutum ya ɗauka. Masu gammon su ne suke sare daji a yi filin jefo kaya, su share filin da ƙananan jirage ke sauka su kwashi masu rauni, su ɗauki sassan igwa da harsashinta. In sun tsaya yini ɗaya, mai bindiga ya zama mai sanda. Kuma wuta ba ta tambayar wa ke da bindiga. Ni da na taɓa jin ƙarar harsashi a kunnena, na san abin da ake nufi da a tura mutum cikinta da adda kawai.

Ki duba takardar sallamar da kyau, akwai layin da ake rubuta ƙungiyar da mutum yake a taƙaice. Ki kuma leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai fayilolin larduna na zamanin yaƙi, sannan ki gaida dattawan ƙungiyar tsoffin sojoji ta ƙaramar hukumarku.

Ɗan Numan:

'Yar'uwa, na karanta wannan hawaye na zubo mini. Mutumin garinmu ne ya mutu a hannun kakanki, kuma kakanki bai bar shi ba addu'a ba. Na gode muku a madadin mutanenmu.

Abin da kika faɗa ya yi daidai da tarihin wurinmu. Tun 1913 Dokta Bronnum, ɗan ƙasar Denmak, ya sauka a Numan, aikin da ya zama ikilisiyar LCCN ta yau. Da magani da makaranta suka fara, shi ya sa kafin yaƙin akwai samarin Bachama da suka iya karatun Hausa suka kuma san aikin ɗaurin rauni. Irinsu soja ke nema.

Game da lambar, akwai hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe rainon Ingila, ana taƙaita sunanta CWGC. A shafinsu na intanet ana neman mamaci da lambarsa ta soja, kyauta ne. Ki sa lambar yadda take, in ba ta fito ba ki cire NA ki gwada, ki kuma lura ko fensirin ya shafe wani adadi. Bayan yaƙi an tattara gawarwakin da aka iya ganowa daga maƙabartun fagen daga, har da ta Akyab da ke Arakan, aka kai Taukkyan, arewa da birnin Yangon, inda akwai kaburbura fiye da 6,000. Waɗanda aka binne a daji ba a sake gano wurin ba, sunayensu na kan ginshiƙan tunawa a wannan maƙabartar, suna kusan 27,000, da 'yan Afirka da yawa a ciki. Yadda kika kwatanta binnewar Malam, a kan ginshiƙan zan fara sa rai.

Abu ɗaya ki sani tun yanzu. A lokacin, sau da yawa Turawa ba sa rubuta sunan uba, sai su haɗa sunan mutum da na garinsu ko ƙabilarsu, a ce wane Numan, wane Yola, wane Bachama. Ko sunan ya fito ba zai nuna gidansu kai tsaye ba. Amma in kika samu sunan farko da ranar mutuwa, ki turo mini. Zan kai wa dattawan ikilisiya a gida a sanar ranar Lahadi. Gidan da ɗansu ya tafi Boma bai dawo ba, ba sa mantawa, ko jikoki ne suka rage.

Bazazzagi:

Malama, ni Musulmi ne, kakana ma ɗan Boma ne, amma shi mai gizo-gizo ne a kafaɗa. Yana cikin bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, da aka ware aka ba Janar Wingate, waɗanda aka kai bayan layin Jafan a 1944. Su ne ake kira Chindit, sunan da barikin garinmu yake ɗauke da shi. Wingate ɗin ma a watan Maris na shekarar ya mutu a haɗarin jirgin sama.

Abin da ya sa na sa baki shi ne Katsinawan nan biyu da suka ce wa kakanki ya yi wa Malam irin tasu. Haka kakana yake ba mu labari. Ya ce suna da liman, Kiristoci kuma suna da mai yi musu sujada, amma in an shiga daji kowa shi ne limamin ɗan'uwansa. In za su yi salla Kirista ne ke riƙe bindiga ya juya musu baya yana duban kurmi. Yana da aboki ɗan Wusasa da suka dawo tare, duk Salla sai ya zo gidanmu cin tuwo, duk Kirsimeti sai kakana ya ɗaura rawani ya hau keke ya je gaishe shi, har mutuwa ta raba su. Da abokin ya rasu kakana ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Ban taɓa jin ya raina masu ɗaukar kaya ba. Gorin nan 'yan gida ne da ba su je ko'ina ba suka ƙirƙiro shi. Ki rubuta labarin Katsinawan nan a littafin, don Allah. Yaranmu na Kaduna, namu da naku, suna bukatar su ji shi. Allah ya albarkaci zuri'ar da ya bari.

Jikan Mai Kuza, Bukuru:

Ni kam zan ɗan tsaya a bayan Kawu, ki yi mini haƙuri ƙanwata. Rabin maganarsa ta farko gaskiya ce, kada zafin so ya sa ki wuce ta.

Da Jafan ta ƙwace Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa inda take samun mafi yawan kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa mutane wajen 100,000 zuwa ramukan nan, ta hannun sarakuna da dagatai, ba isasshen abinci, ba bargon kirki a sanyin Jos. Kakana yana ciki, da huhu ɗaya mai aiki ya ƙare rayuwarsa, shi ko tauraro ba a ba shi ba. Kakanki daga wannan ya gudu ya faɗa wancan. Wannan ba zaɓin ɗan 'yanci ba ne. A rundunonin ma hafsoshi Turawa ne, Seth Anthony na Gwalkwas da ya samu muƙamin hafsa a 1942 har yau ana ambatonsa don irinsa ba su da yawa. Aka kai talakawan da ake mulka su ƙwato wa mai mulkinsu wata ƙasar da shi ma mulkarta yake.

Ban ce a soke labarin ba. Na ce kada a rubuta shi da salon fareti, ana cewa ya yi wa Sarkin Ingila hidima da aminci. Kuma ni a ganina kada a ɗora tauraron nan a gaban majami'a kusa da teburin jibi. Mutumin da ya ce kada a wanke shi ba zai so a yi masa ado da lambar yabo a gidan Ubangiji ba. Ki sa diban gwamna a ciki, ki sa kuɗin da ya bi har ya gaji, ki sa maganar harsashin.

Jikar Baba Boma:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Baba Saje, da na karanta kalmar gammo sai na ɗauko ƙyallen na sake dubawa a hasken rana, ga shi nan kuwa har da alamar naɗin. Yayana na Bukuru, na karɓi maganarka. Tauraron zai zauna a akwati, diban gwamna kuma zai shiga littafin, don shi kansa Baba da shi yake fara labarin. Inda na bambanta da kai kaɗan shi ne, ko da ba da son ransa ya je ba, abin da ya yi da ya isa can nasa ne, ba na Sarkin Ingila ba. Malam Bazazzagi, Katsinawan za su shiga, in Allah ya yarda.

Jiya na je wurin Gwaggo, ƙanwar Baba da ta rage, na karanta mata amsoshinku ina fassara mata wasu wurare da yarenmu. Ta ce Kawu ne ya fi shan gorin, har faɗa ya yi a makarantar mishan da wani yaro ɗan kofur da ya kira shi ɗan jakin Bature, aka yi masa bulala a gaban aji. Sannan ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba: sunan da Kawu yake amsawa sunan Malam ne. Baba ne ya raɗa masa, shi ya sa bai taɓa kiran ɗan farinsa da suna ba, sai dai ya ce Malam ƙarami, mu kuwa duk mun ɗauka alkunyar ɗan fari ce kawai. Ta ce ita za ta yi masa magana kafin ni, kuma in ba ta littafin ta tafi da shi.

Yayana na Numan, yanzu ke nan ina da sunan farko da lamba. Adadi na huɗu ne ya shafe, ko 3 ne ko 8, zan gwada duka biyun a shafin da ka faɗa, abin da ya fito zan turo maka ta saƙon sirri. Baba Saje, a layi na uku na takardar sallamar na ga an rubuta Aux Gp da tawada, wato taƙaicen sunan ƙungiyar masu ɗaukar kaya da Turanci, amma gara ta cinye rabin lambar da ke gabansa. In na ɗauki hotonta na turo muku, za ku iya gane ko ƙungiya ta nawa ce?